Yaya, ba alƙali na zama ba

Yaya, saƙonka na murya ya iso tun daren Laraba, na saurare shi har sau biyu. Na ga gara in ba ka amsa a rubuce, tunda ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba. An ce har Gwaggo sai da ta yi salati da ta ji na yi mako biyu ina sintiri a kotu. Ka fara kwantar mata da hankali: ba a kama ni ba, ban kai ƙarar kowa ba, ba a kuma kai ƙarata ba. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda ka rufe da ita, da ka ce, "Yanzu har shari'ar Turawa kake yanke musu, to me ya rage?"

Ba neman aikin na yi ba, takarda ce ta zo ta gidan waya. A Ingila, manyan laifuffuka irin su kisan kai, fyaɗe da fashi ba alƙali kaɗai ke sauraronsu ba. Ana zaunar da mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, su ne ake kira juri, wato waɗanda gidajen rediyo ke ce wa masu taya alƙali yanke hukunci. Daga rajistar masu zaɓe kwamfuta ke zaro sunaye, kamar ƙuri'a. Duk wanda ke tsakanin shekara 18 da 75, kuma ya zauna a ƙasar shekara biyar bayan ya cika 13, ana iya kiransa. Ba sai mai fasfon Birtaniya ba ma. Da yake Nijeriya da Gana suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ɗan Kano ko ɗan Zangon Kumasi mai takardun zama yana iya yin rajistar zaɓe, in ya yi kuwa ya shiga layi. Kwana bakwai ake ba ka ka amsa. In kana da uzuri mai ƙarfi za a ɗaga maka sau ɗaya, zuwa wani lokaci cikin shekara guda. Wani dattijo a masallacinmu an ɗaga masa saboda aikin Hajji. Wanda ya yi biris da takardar ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000.

Mutanenmu na nan Mancesta ba murna suke yi da ita ba. Da yawansu tasi suke ja, ko gadi, ko kula da tsofaffi, kuma wannan zama ba albashi a cikinsa. Abin da kawai ake yi shi ne a rage maka asara: in wurin aikinka ba su biya ka ba, kana iya karɓar har fam 64.95 a rana a kwanaki goman farko, da kuɗin mota, da fam 5.71 na abinci. Mai tasi ya san ya faɗi. Shi ya sa za ka ji ana ba da shawara a majalisa bayan Juma'a, "Ka ce musu ba ka jin Turanci." Mutum ya shekara ashirin yana ciniki da fasinja da Turanci, ranar da aka kira shi ya tsaya kan gaskiyar wani sai ya ce bai iya ba. Ni wannan ba ta yi mini ba, na kuma faɗa musu. Mu ne masu kuka cewa in yaranmu suka shiga hannu ba a ganin fuska irin tamu a cikin masu yanke musu. To wa zai zauna a kujerar in kowa ya zille?

Ranar farko yawancinta jira ne. A caje ka a ƙofa kamar filin jirgi, ka nuna takardarka da katin shaida, a kai ku wani babban ɗaki, a nuna muku bidiyo, sai zama. Na yi kwana biyu ba a kira ni ba. A rana ta uku aka kira mu goma sha biyar, aka shiga da mu, magatakarda ya cakuɗa katunan sunaye ya zaro goma sha biyu. An karanto mana sunayen shaidu da wurin da abin ya faru, aka ce wanda ya san ɗaya daga ciki ya faɗa. Irin tambayoyin nan da kake gani a fina-finan Amurka, lauyoyi suna titsiye mutum kafin a zaɓe shi, nan ba a yin su. Lauyoyin dai da farar hular gashin nan tasu, sak irin ta lauyoyinmu na Babbar Kotu a gida.

Sai rantsuwa, wadda na san nan ne hankalinka ya fi tashi. Babu wanda ya miƙo mini Baibul. Tun kafin a shiga ake tambayar kowa da abin da zai rantse, wanda ba ya so kuma ya yi alkawari kawai ba tare da littafi ba. Na ce Alƙur'ani. Na shiga da alwalata, aka kawo shi a naɗe cikin mayafi, na rantse da Allah cewa zan saurari shari'ar da amana in kuma faɗi gaskiya bisa hujjar da aka kawo. Wallahi Yaya, sai da jikina ya yi sanyi. Ka san yadda muka taso muna tsoron dafa Alƙur'ani.

Ka kawo mini hadisin alƙalai uku, biyu a wuta ɗaya a aljanna. Na san shi, ya kuma zauna mini a ƙirji duk kwanakin. Amma ka fahimci rabon aikin. Alƙali shi ke da doka: shi zai ce wannan hujja ta shigo, waccan ba ta shigo ba, shi zai bayyana mana abin da laifin yake nufi, shi kuma zai yanke ɗauri ko tara in an samu mutum da laifi. Mu tambaya ɗaya aka ɗora mana: ya aikata ko bai aikata ba? Kuma ba a ce mai yiwuwa ba, an ce sai mun tabbata. Mai gabatar da ƙara shi ke da nauyin kawo hujja, wanda ake tuhuma ba dole ya wanke kansa ba. Da alƙalin ke faɗar haka sai na tuna Islamiyyarmu ta Funtuwa, muna rera cewa hujja tana kan mai da'awa. Hukuncin kisa kuwa an daina shi a kan laifin kisan kai tun 1965, saboda haka ran kowa bai rataya a wuyana ba. Malamai sun yi saɓani a kan shiga wannan aiki, ban ɓoye maka ba. Na tambayi limaminmu kafin in je, ya ce in dai gaskiya zan bi in tafi, domin wanda ake zalunta a garin da kake zaune maƙwabcinka ne ko da ba addininku ɗaya ba.

Shari'ar da na zauna a kai faɗa ne a ƙofar wani shago, an ji wa mutum mummunan rauni. Wanda ake tuhuma farin saurayi ne, ya aske kansa ƙwal. Ina ɗaga ido na gan shi sai shekarar 1992 ta dawo mini. Ina ɗan shekara 15, ban daɗe da dawowa daga wajen Kaka ba, wasu samari masu irin wannan askin suka biyo ni daga tashar bas suna jifa da zagi, na shiga gida takalmi ƙafa ɗaya. Baba bai ce komai ba a daren, sai da asuba ya zaunar da ni ya karanta mini aya ta 8 a Suratul Ma'ida, inda Allah ke cewa kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. A lokacin haushi ma na ji, na ga kamar ya ƙi shigar mini. Sai ga shi bayan shekara talatin da wani abu, ni ne a kujera, mai kama da su yana tsaye a akwati. Kwana biyar ina kokawa da zuciyata kowace safiya, ina ce mata ba shi ne ya jefe ka ba, saurari shaidu. Wannan tarbiyyar daga Funtuwa Baba ya zo da ita a 1974, lokacin da aka turo shi koyon aikin masaƙa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kame baki. An hana mu yi wa kowa zancen shari'ar har ta ƙare, ko da matar mutum ce. An hana mu duba intanet ko Facebook don neman labarin wanda ake tuhuma, kuma wanda ya yi ana iya ɗaure shi har shekara biyu. Ka san Bahaushe da ba da labarin wuni. In dawo gida, a kawo abinci, yara su zuba mini ido, in ce babu magana. Sai salla: watan Nuwamba ne, rana gajera, la'asar tana shiga kusan ƙarfe biyu, magariba wajen huɗu. Na faɗa wa ma'aikaciyar da ke kula da mu, ta nuna mini ɗakin da zan riƙa yi a lokacin hutu. Juma'a ɗaya ta wuce ni, azahar na yi. Ta dame ni, ban kuma ce maka ba komai ba ne.

Da aka gama jin shaidu aka karɓe wayoyinmu, aka rufe mu a ɗaki mu goma sha biyu, muka zaɓi wanda zai yi magana da yawunmu. Da farko ana so baki ya zo ɗaya. In an shafe fiye da awa biyu abin ya gagara, alƙali yana iya karɓar ra'ayin goma daga cikin sha biyun. Abin da aka tattauna a ɗakin nan doka ta hana in faɗa har abada, kuma ko ba doka amana ce. Abin da aka bayyana a gaban jama'a dai shi ne an same shi da ƙaramin laifin, an wanke shi daga babban. Babu wanda ya biyo ni gida kamun ƙafa, babu wanda ya aiko mini da gaisuwa. Yanzu in an sake kira na cikin shekara biyu ina da damar in ce na yi.

To, "me ya rage". Na san ba kotun ce kaɗai a bakinka ba. Tun ranar da na auri maman yara ake wannan lissafin da ni: ya auri Baturiya, 'ya'yansa Hausarsu a karye, ya bar uban a binne a ƙasar sanyi. Na san Gwaggo ta so a yi 'yar gida, ban kuma raina ƙanwarka ba, Allah ne bai ƙaddara ba. Amma shekara ashirin da uku ke nan, Yaya. Matar nan ta musulunta da kanta tun kafin maganar aure ta taso. Ita ta yi jinyar Baba wata goma sha ɗaya, ita ke dama masa kunun tsamiya da asuba tana ba shi a cokali, yana kiranta 'yata. Da ya rasu mun yi masa wanka da salla, muka kai shi sashen Musulmi na maƙabartar Southern Cemetery washegari, saboda shi ya ce kada a wahalar da gawarsa a jirgi, ƙasa duk ta Allah ce. Ba mu yar da shi ba, duk wata muna zuwa.

Yaran kuwa, gaskiya ne in suka yi sauri Turanci ke fitowa. Amma har gobe ba sa miƙa wa babba abu da hagu, ba sa kiran sunana, kuma babbar ba ta gaishe da baƙo a tsaye. Suna jin zafi in suka zo gida aka yi musu dariyar harshe, su dawo su yi shiru mako guda ba sa son yin Hausar ma. In da za a riƙa gyara musu a hankali da sun fi haka. Ita babbar ta cika 18 a watan Maris, ta yi rajistar zaɓe, ke nan ita ma takardar tana iya zuwar mata. Ta tambaye ni abin da za ta yi in ta zo, na buɗe mata ayar da kakanta ya karanta mini.

Ka gaida Gwaggo da kyau, ka karanta mata wannan in ta yarda ta saurara. Maman yara ta saya mata man zafi na gwiwa, za mu ba wani mai tahowa ƙarshen wata. Ta ce in tambaya ko Gwaggo za ta yarda su gaisa ta waya ranar Salla, ko da minti biyu ne.