Tambaya da Amsa: Ina son karanta waƙar Italiyanci a jami'a, Baba bai yarda ba

Assalamu alaikum Malam. Asalinmu zangon Kumasi ne, amma tun ina ƙarama muke zaune a Brescia ta ƙasar Italiya. Bana zan gama sakandare, kuma raina ya kwanta da rubutattun waƙoƙin Italiyanci na zamani, musamman na Alda Merini. Su nake son karantawa a jami'a. Baba ya ce in nemi aikin jinya, wai waƙa ba ta cika tukunya. Me ake koyarwa a wannan fanni, kuma wace jami'a zan nufa?
Wata ɗaliba, Brescia

Wa'alaikumus salam 'yata. Da farko ki sani babu digiri mai suna waƙar zamani a Italiya. Sashen adabi za ki shiga, wanda suke kira Lettere moderne, shekara 3 da maki 180 na kwasa-kwasai, sannan in kina so ki ƙara shekara 2 na babban digiri. A shekarun farko abin da kike marmari ɗan kaɗan ne a cikin kwano. Za ki sha Latin, da tarihin harshe, da tsofaffin mawaƙa irin Dante da Petrarca da Leopardi, kafin a ba ki kwas ɗaya ko biyu na adabin zamani. Ko shi ɗin ma, yawanci matattu ake karantawa: Giuseppe Ungaretti, wanda aka haifa a Iskandariyya ta Masar a 1888, da Salvatore Quasimodo mai kyautar Nobel ta 1959, da Eugenio Montale mai ta 1975.

Kada wannan ya kashe miki gwiwa, domin tsohon karatun shi ne mabuɗin sabon. Ƙashin bayan waƙar Italiyanci shi ne ɗango mai gaɓa 11, wanda nauyin murya yake sauka a kan gaɓa ta goma. Ungaretti ya rubuta waƙoƙin littafinsa na farko a ramukan yaƙi na yankin Carso lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga su a birnin Udine a 1916, kwafi 80 kacal. In kin buɗe shafin za ki ga layuka gajeru, wani kalma biyu, wani ma ɗaya, ki ɗauka ya yi watsi da awo ne gaba ɗaya. Sai malami ya ce ki haɗa layi biyu ko uku ki karanta da ƙarfi a numfashi guda, sai ga tsohon awon ya fito. Kakkarya shi ya yi, bai jefar ba. Wanda bai ƙoshi da Leopardi ba, ba zai taɓa jin wannan ba. Ke kuwa da kika tashi a gidan da ake rera ƙasida, kunnenki ya riga ya san inda baiti yake ɗingishi, kuma da yawa daga 'yan ajinku ba su da wannan.

Ki shirya wa jarrabawar baki, ita ce al'adarsu. Za ki zauna gaban malami, ɗalibai na bayanki suna jiran layi suna sauraro, ya buɗe littafin Montale inda ya ga dama ya turo miki. Ki karanta, ki faɗi awon, ki fayyace kalmar nan ta tsiro ko ta masunta da ko Ba'italiye sai ya duba ƙamus, ki faɗi wa mawaƙin yake mayar wa da martani. Maki 18 cikin 30 ne mafi ƙarancin ci. Faɗin cewa waƙar ta taɓa miki zuciya ba ya kawo ko maki ɗaya.

Game da Merini, gaskiya ɗaya ce: jama'a sun fi malaman jami'a ƙaunarta. Abin da ta rubuta kan shekarunta a asibitin masu taɓin hankali yana da daraja a wurinsu, amma na ƙarshen rayuwarta, kafin rasuwarta a 2009, da yawansu suna ganin ya yi yawa, kuma ba a tace shi ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Tunda irin wannan murya ce take jan ki, nemi Amelia Rosselli, wadda aka haifa a Faris a 1930, aka kashe mahaifinta a Faransa a 1937 saboda adawa da Mussolini. Ta tashi tsakanin harsuna uku, har Italiyancinta ya fito da wata irin karkata da ta mayar salo. A tarin waƙoƙin ƙarni na 20 da Pier Vincenzo Mengaldo ya fitar a 1978, wanda har yau ake ba ɗalibai, ita kaɗai ce mace. Ina jin yarinya mai Hausa a gida da Italiyanci a makaranta za ta gane ta da wuri.

Wajen zaɓen jami'a, malami za ki duba kafin suna. Kowace tana wallafa tsarin kwas na shekara da jerin littattafan da za a karanta, sai ki ga wa yake tsayawa a Montale, wa yake kaiwa ga Andrea Zanzotto da Patrizia Cavalli da rayayyu irin Milo De Angelis da Antonella Anedda. Milan da Verona da Padova duk jirgin ƙasa ne daga gidanku. Pavia kuma tana da ma'ajiyar rubutun hannu da Maria Corti ta assasa a 1969, inda za ki ga takardun mawaƙa da gogensu da gyaransu. Rayayyun kuwa a bainar jama'a ake jin su, kamar bikin littattafai na Pordenone duk watan Satumba.

Maganar Baba ba ta faɗi ƙasa ba. Mai aikin jinya ba ta rasa aiki a Italiya, mai adabi kuwa galibi koyarwa ce makomarta, bayan babban digiri da jarrabawar ɗaukar malamai, wani lokacin da shekaru na cike gurbi daga wannan makaranta zuwa waccan. In kin ɗauri niyya, tun shekarar farko ki tattara makin Latin da na kimiyyar harshe da ake buƙata don koyarwa, ki nemi tallafin karatu na yankinku da takardar ISEE, wadda ke nuna ƙarfin arzikin iyali. Ki rubuta wannan lissafi a takarda, shekaru da kuɗi da aikin da ke gaba, ki kai wa Baba bayan sallar isha'i, Mama tana wurin.