Yawon Buɗe Ido: Amsoshin Tambayoyinku Kan Yankari, Gana, Damagaram da Sayayya a Kano

Tambaya: Ni magidanci ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma na daɗe ina yi wa yaran alkawarin kai su Yankari su ga giwa. Na yanke shawarar mu tafi a dogon hutun makaranta na watan Agusta, har ina shirin sayen kyamara mai tsada domin ɗaukar hotuna. Shin lokacin ya dace, kuma sayen kyamarar yana da amfani?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, domin ba kowane uba ne yake tuna cewa iyali suna da haƙƙin fita su sha iska ba. Sai dai idan giwa ce abin da ka yi wa yaran alkawari, to watan Agusta shi ne mafi rashin dacewa a duk shekara. A tsakiyar damina ciyawa takan yi tsawon da ya fi mutum, ruwa kuma yana kwance a kowane kwari, saboda haka dabbobi ba su da dalilin taruwa wuri guda, sai su bazu cikin dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Idan rani ya yi nisa, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙananan tafkuna sukan ƙafe, ciyawa ta bushe, dabbobi kuma su koma bakin kogin Gaji domin shan ruwa. A nan ne ake samun damar ganin ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina, kuma a nan ne garken giwaye yake bayyana, wanda yana cikin mafi girman da suka rage a Nijeriya.

Shawarata ita ce ka ɗage tafiyar zuwa hutun watan Afrilu idan yaranka za su iya jure zafi, ko kuma hutun Disamba idan akwai ƙarami a cikinsu, domin a lokacin hunturu hanya ta bushe, iska tana da daɗi, duk da cewa ganin dabbobi bai kai na bazara ba. Ka kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Ko a lokacin da ya fi dacewa, ka gaya wa yaran gaskiya tun daga gida cewa Yankari daji ne ba gidan zu ba, dabba ba a ɗaure take tana jiran baƙo ba. Wannan ne ya sa nake ganin kwana biyu a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, ya fi kwana ɗaya nesa ba kusa ba, saboda zai ba ku damar fita zagaye da sassafe da kuma da la'asar, lokutan da dabbobi suke motsi, maimakon tsakar rana da kowace halitta take neman inuwa.

Game da hanya, daga Bauchi za ka kama titin Gombe har zuwa Dindima, sannan ka karkata zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin. Ka cika tankin motarka tun daga Bauchi, ka tashi da wuri yadda za ka isa da rana, ka kuma kira ma'aikatan wurin ka tabbatar da ɗaki da kuɗinsa da halin wuta da ruwa kafin ka bar gida. Gandun ya samo asali tun 1956, an buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama mallakar gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma yanayin kula da ɗakunan kwana yakan sauya daga lokaci zuwa lokaci, don haka labarin wanda ya je shekaru biyar da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Batun kyamara kuwa, ban goyi bayansa ba. Kyamarar da za ta ɗauko dabba daga nesa tana buƙatar dogon gilashi wanda sau da yawa ya fi ita kanta tsada, kuma tana buƙatar hannun da ya saba. Wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar hoton iyali. Abin da zai canza tafiyar shi ne madubin hangen nesa, wanda ake rubuta 8x42 a jikinsa, domin ba ya da nauyi kuma ba ya rawa a hannun yaro. Da shi ne yaranka za su ga idon ɓauna da launin tsuntsaye, waɗanda nau'insu a Yankari ya haura 350. Ragowar kuɗin ka ƙara kwana da shi. Ku tafi da tufafi masu haske, saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, ku riƙe maganin sauro na shafawa, kuma kada ku bar taga a buɗe ko yaro ya yi yawo da abinci a hannu, domin bikan sansanin sun saba da mutane har sukan fizge leda. Maɓuɓɓugar Wikki ruwanta garai-garai ne, ɗuminsa yana kusan digiri 31 rani da damina, kuma idan uwargida tana son shiga cikin sutura ba tare da cunkoso ba, bayan sallar asuba ya fi.

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce a Kaduna. Ni da maigidana muna son yin tafiyarmu ta farko zuwa waje, ta mako guda, kuma mun rasa zaɓi tsakanin Gana da Jamhuriyar Benin. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tallata mana tsari mai araha wanda ya haɗa tikiti da masauki. Mu biya su ko mu shirya da kanmu?

Amsa: Hajiya, duka ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS, kuma bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ɗan Nijeriya yana iya shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Abin da kuke buƙata shi ne fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin cutar shawara. Ku yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin sai bayan hakan katin yake fara aiki, kuma ku karɓe shi daga ofishin lafiya na gwamnati, kada ku sayi na bayan fage, saboda cutar gaskiya ce ba takarda ba.

Idan mako guda gare ku kuma wannan ce fitar farko, Gana na fi karkata gare ta. Harshen hukuma Ingilishi ne, sannan a unguwannin zango irin su Nima da Madina da Sabon Zango a Akra, haka ma a Kumasi, za ku yi ciniki da Hausa, ku sami masallaci da abincin halal ba tare da wahala ba. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ya cancanci ku yi Juma'a a cikinsa. Ku ware kwana biyu domin Cape Coast da Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye har yanzu. Shiga kurkukun da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa ba nishaɗi ba ne, amma yana cikin abubuwan da ya kamata duk ɗan Afirka ta Yamma ya gani da idonsa. Kusa da nan akwai dajin Kakum mai gadar igiya da aka rataye tsakanin manyan bishiyoyi, sai dai wanda yake jin jiri a wuri mai tsawo ya haƙura da ita. Benin ta fi kusa kuma tana da nata abin kallo, kamar garin Ganvie da aka gina a kan ruwa da kuma Wida mai tarihin cinikin bayi, amma rashin Faransanci yakan gajiyar da baƙo, kuma kwana uku sun ishe ta.

Ku sani cewa hanyar mota daga Legas zuwa Akra tana ratsa kan iyaka uku, wato Seme da Hilakonji da Aflao, kuma duk da nisan bai kai kilomita 500 ba, tsaye-tsaye da bincike sukan cinye yini guda. Jirgin sama daga Legas kimanin awa ɗaya ne. Ga mai hutun mako guda, kwana biyun da mota za ta ci zuwa da dawowa sun fi bambancin kuɗin tikiti daraja.

Dangane da kamfanin, araha ba ta ado, amma ba kowane mai araha ne macuci ba, don haka a gwada shi da tambaya. Ku nemi ya rubuta muku sunan otal da unguwar da yake, sunan kamfanin jirgi da ranakun tashi, ko akwai karin kumallo, wa zai ɗauko ku daga filin jirgi, wa zai biya kuɗin shiga wuraren tarihi, da abin da za a mayar muku idan tafiyar ta fasu. Ku duba rajistarsa da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ku tambaya ko yana cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye, kuma kada ku tura kuɗi zuwa asusun mutum, sai na kamfani. Da zarar ya ba ku lambar tikiti, ku shiga shafin intanet na kamfanin jirgin ku tabbatar an biya kuɗin kujerar, ba riƙe ta kawai aka yi ba, domin riƙon kujera yakan faɗi bayan 'yan kwanaki. Idan ya yi ta kewaye-kewaye a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ku shirya da kanku, Gana ba ta da wuyar da za ta sa dole sai da ɗan tsakiya. Kafin ku tashi ku tambayi bankinku ko katinku zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire, ku riƙe tsabar kuɗi a madadin haka, ku canza su zuwa sidi, kuɗin Gana, a shagon canji mai lasisi a cikin gari, ba a filin jirgi ba inda farashi ya fi tsauri.

Tambaya: Mu ɗalibai ne a Katsina, muna so mu haɗa kuɗi mu je Damagaram, idan hali ya yi mu zarce Agadas. Yaya lamarin takardu yake yanzu?

Amsa: 'Yan'uwa, Damagaram zaɓi ne mai kyau, kuma abin takaici ne yadda matasanmu suke sanin biranen nesa ta waya alhali ba su taɓa taka wannan gari ba. Fadar Sultan da tsohuwar unguwar Birni mai gidajen ƙasa masu zane a fuska sun isa yini guda na kallo, kuma garin ne ya kasance hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Idan kun bi ta Daura, ku tsaya a rijiyar Kusugu, sannan ku wuce ta Kwangwalam da Matamaye. Amma ku tuna an rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka sake buɗe ta a Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka kada ku dogara da cewa harshe ɗaya ne kuma dangi ɗaya ne, kowannenku ya riƙe fasfo da katin rigakafi, ku nemi bayani daga jami'an shige da fice kafin ranar tafiya, ku kuma shiga ta ƙofa a buga muku hatimi. Ku yi canjin sefa wurin wanda aka sani. Agadas, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsawon mita 27, tana da nisan fiye da kilomita 400 daga Damagaram ta hanyar da ke ratsa sahara, kuma ban ba ku shawarar zarcewa ba sai kuna da mai masauki a can wanda zai gaya muku halin tsaro na makon da za ku tashi.

Tambaya: Surukaina za su zo Kano daga Kamaru a lokacin Sallah, kuma suna son tsarabar rini da kayan fata. Ina zan kai su, kuma ta yaya zan gane na gaske?

Amsa: Hajiya, ki fara da marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, domin sayen zane a bakin karofi, bayan sun ga yadda ake tsoma shi a fito da shi kore iska ta mayar da shi shuɗi, ya fi a miƙo musu shi a leda. Rinin baba na gaske yana da ɗan wari na toka da ganye, yakan bar shuɗi a yatsa idan sabo ne, launinsa kuma ba ya zama bai ɗaya sak kamar na inji, kuma ƙyallin bugu da aka yi da sanda ya bambanta da santsin sinadari. Ki tambayi marinin kai tsaye ko ya haɗa da rinin kanti, domin da yawa suna yin duka biyun kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. A kasuwar Kurmi, wadda ta faro tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ki shinshina fatar, ki duba bayanta: ta gaske tana da gashi-gashi, ta roba kuwa ƙyalle ne a manne. Ki ja ɗinkin jaka ko takalmi a hankali ki gani ko zai buɗe. Gidan Makama yana daf da fada, ya dace da safiya, Dutsen Dala kuma da yamma idan rana ta yi sanyi, amma idan akwai tsoho mai ciwon gwiwa a bar shi a ƙasa. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, sai dai an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, don haka kada su sayi tikiti saboda Hawan Daushe kaɗai, ki jira sanarwar hukuma sannan ki tsayar musu da ranar zuwa.