Na zuba taki, amma masara sai rawaya take yi

Tambaya: Mako biyu ke nan da na watsa yuriya, amma ganyen masarata na ƙasa sai ƙara rawaya yake yi. Ko takin jabu ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Saiwa ba ta cin ƙwayar taki, tsotsa take yi. Sai ya narke cikin damshin ƙasa, sannan siraran gashin jikin saiwa su ja shi. Yuriyar da aka bari a sarari, rana na dukanta, ba ruwan da zai shigar da ita, takan rikiɗe ta zama iskar amoniya ta tashi.

Tsinko ganye ɗaya ka duba. In rawayar ta faro daga tsininsa ta bi jijiyar tsakiya kamar kan mashi, yunwar naitirojin ce, sinadarin da yuriya ke ba shuka: masarar na kwashe na tsofaffin ganye tana kai wa sababbi. In gefen ganyen ne ya ƙone, fotashiyam ya gaza. Launin shunayya a jikin ƙaramar shuka kuwa fosfaras yake nema.

Ka jira ƙasa ta jiƙa, ka yi rami mai zurfin santimita 5, tazarar santimita 8 daga gindi, ka zuba takin ka rufe. In ya taɓa kara zai ƙona shi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23, na NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5 kacal, don haka NPK, mai haɗe da naitirojin da fosfaras da fotashiyam, wajen shuka, yuriya a mako na 4 zuwa 6 bayan shuka. Inda ruwa ke kwanciya, fara fitar da shi tukuna. Saiwar da ba ta samun iska ba ta jan komai.

Tambaya: Shanuna na cika ciki da busasshen kara, amma suna ramewa, har suna tauna ƙashi.

Amsa: Ba saniya ke narkar da kara ba, ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta ne, ita kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. In furotin ɗin abinci bai kai kimanin kashi 7 cikin 100 ba, aikinsu yakan yi sanyi, busasshen kara kuwa ba ya kaiwa nan. Sai ka ga tumbi tim, haƙarƙari a waje. Haɗa musu da harawar wake ko ta gyaɗa. Taunar ƙashi galibi ƙarancin fosfaras ne, a ajiye musu dutsen lasa mai fosfaras. Hatsi ko dusa kuwa kaɗan-kaɗan ake ƙarawa har tsawon mako biyu, don in aka jibga lokaci guda tumbi ya yi tsami, dabba ta kama zawo ta daina tuƙa.