Tambayi Likita: Karaya, yanka da ƙuna a hannu

Likita, ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga mangwaro jiya, ya karye a gwiwar hannu. Mai ɗori ya ɗaure da kara. Yanzu yatsun sun kumbura suntum, ya kwana yana kuka. Kakarsa ta ce haka ɗori yake. *Wata uwa daga Kura*

Malama, a sassauta ɗaurin nan yanzu, a kama hanyar asibiti, kada a bari sai gobe. A ba Iya haƙuri, wannan kukan ba na ɗori ba ne. Hannun da ya karye yakan yi kwana 2 zuwa 3 yana ƙara kumbura, kara da tsumma kuwa ba sa buɗewa. Idan jini ya rasa hanya, tsoka takan fara mutuwa cikin sa'o'i 6 zuwa 8. Daga nan hannu ya ƙanƙance ya tanƙware har abada, ko a kai ga yanke shi. Karaya a gwiwar hannun yaro tana da haɗari ƙwarai, domin babbar hanyar jini da jijiyoyin ji suna bi ta jikin ƙashin.

Kafin abin hawa ya zo, ki danna farcensa har ya yi fari, ki saki: ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ki miƙe masa yatsa ɗaya a hankali. In ya ƙwalla ihu, abin ya yi nisa ko da launin farcen ya dawo. Mu ma a asibiti da irin wannan muke farawa: yaro ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya ware yatsu, ya ɗaga babban yatsa sama. Kowane motsi jijiya daban yake nunawa. Bayan hoto, ana iya tura ku Asibitin Ƙashi na Dala.

Lauje ya yanke ni a yatsa wajen yankan shinkafa, yau kwana 10. An ɗinke a kemis, ya warke, amma yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. *Wani manomi daga Auyo*

Malam, fata ce ta warke. Jijiyar da ke jan yatsan daga tsokar hannu ta tsinke, kuma ba ta haɗuwa da kanta, ja da baya ma take yi kullum. Aikin ɗinke ta ya fi kyau a mako 2 na farko, don haka cikin makon nan ka je asibiti a Birnin Kudu ko Dutse a duba ka, a kuma tambayi allurar tetanus.

Bayan tiyata akwai sauran aiki, kuma a nan ne manoma suka fi ba ni ciwon kai. Ma'aikatan da ke koya wa hannu komawa aiki za su yi maka abin tallafi na wata roba da ake tausasawa a ruwan zafi, a manna ta a bayan hannunka ta ɗauki siffarsa, wuyan hannu da gindin yatsu a ɗan lanƙwashe don kada ɗinkin ya ja. Mako 6 za ka yi da ita dare da rana, kana motsa yatsun yadda aka nuna maka kawai. In ba ka motsa ba, jijiyar ta manne da nama. In ka wuce ƙa'ida, ta sake tsinkewa. Fartanya da lauje sai wajen mako 12, don haka tun yanzu ka nemi wanda zai riƙe maka gona.

'Yata mai shekara 2 ta tsoma hannu a kunu mai zafi, tafin ya saluɓe. Mun naɗe hannun a dunƙule. *Wani uba daga Gwaram*

Allah ya ba ta lafiya. A kwance naɗin a asibiti, a naɗe kowane yatsa shi kaɗai, in ba haka ba su manne da juna. Tabon ƙuna jan fata yake yi, kuma yakan shafe shekara ko fiye yana ja, shi ya sa ƙunar tafi ake tallafe ta a buɗe, yatsu a miƙe, babban yatsa a ware. Idan ya warke sarai, a riƙa murza tabon da man kaɗanya, a bar ta ta ci tuwo da hannun. Ga sauran iyaye: ƙuna ruwan sanyi take so na minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Ina da ciki wata 8, yatsuna uku na mutuwa da dare. *Wata daga Gaya*

'Yar'uwa, ruwan da jikin mai ciki ke tarawa ne ke matse jijiya a wuyan hannu, kuma yawanci yakan tafi bayan haihuwa. Ki kwana da abin tallafin da zai riƙe wuyan hannun a miƙe. Amma in fuska ma ta kumbura ko kai na ciwo, ki je awo yau a gwada hawan jini.