Yadda ake tantance sabon jinsin ƙaguwa

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wata 'yar ƙaguwa a tsakanin duwatsun murjani a gaɓar Jidda bayan ruwa ya janye, kana tambaya ko sabon jinsi ce. Launi kaɗai ba hujja ba ne, domin ƙaguwa tana iya sauya kala gwargwadon shekarunta da muhallinta.

Masana suna duba siffar ƙoƙon baya, da yawan haƙoran da ke gefensa, da ƙirar manyan faratanta. Sai dai abin da suka fi dogara da shi shi ne gaɓar haihuwa ta namiji, wadda take ɓoye a ƙarƙashin cikinsa da ke naɗe, saboda jinsuna biyu masu kama da juna sukan bambanta a nan ƙarara idan an sa ta a madubin ƙara girma. Bayan haka ana gwada ƙwayoyin halitta, a kwatanta da samfuran da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi. Kwatancen nan ne aiki mai wuya, tun da an daɗe ana nazarin Bahar Maliya, tekun da Jidda take gaɓarsa. Bayanin masanin halittu Forsskål kan ƙaguwoyin wannan teku ya fito tun 1775.

Idan ta tabbata sabuwa, sai a ajiye samfuri ɗaya a matsayin madogara, a wallafa bayaninta da sunan Latin mai kalma biyu.

Ka ɗauki hotonta tana raye, ka rubuta wurin da ranar, ka tuntuɓi tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Kada a ci ta, domin wasu ƙaguwoyin murjani suna da dafin da dafuwa ba ta kashe shi.