Likitan Yara Ya Amsa: Sai jariri ya fara ciwo ake yi masa gwajin sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana duk AS ne. Yau sati uku da haihuwata, yaro lafiyarsa ƙalau, yana kama nono sosai. Surukata ta ce kada a taɓa jinin jariri tunda ba abin da ke damunsa. Mu jira ne?
Wata mai jego, Gwale, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Malama, kada ku jira.

Idan uwa da uba duk AS ne, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya fito SS, wato mai ciwon sikila, ko da yayyensa duk sun tsira. Lafiyar da kike gani yanzu kuma ba hujja ba ce. Jariri yana zuwa duniya da irin jinin da ya rayu da shi a ciki, shi ke kāre shi. Sai wajen wata shida, da wannan jinin ya ja baya, ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba ya jin rarrashi. Wani yaron ma zazzaɓi ɗaya ne ke ɗauke shi kafin a san yana da amosanin jini.

Abin da ya sa nake matsawa shi ne akwai abin yi. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa bai wa yara masu sikila maganin penisilin kullum ya rage munanan cututtukan ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin 100, kuma tun yaro na wata biyu ake farawa. A nan gida ma, binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna ko ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana taimakawa wajen kāre yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Yaron da ba a gwada ba kuwa, wa zai ba shi waɗannan?

Ki lallaɓa Hajiya, ki ce mata ɗigo ne daga diddige, bai kai tsagar wanzami ba. Ku je babban asibiti, ki faɗa musu gwajin jariri kike so, domin gwajin da aka saba yi wa manya yakan ruɗe a wannan shekarun. Za su iya cewa a maimaita daga baya. Kafin sakamako ya fito, in jikinsa ya yi zafi, a ranar za ki kai shi asibiti, ba kemis ba.