Kada ta fara da delta, ta fara da duban lissafin

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce 'yarka tana lise, ta haddace delta = b² − 4ac, ƙa'idar warware lissafi irin ax² + bx + c = 0, amma duk ranar da aka raba takardun dabuwar sai notinta ya dawo ƙasa, kana neman ta inda za ka taimaka mata a gida. Na daɗe ina yi wa yara bitar lissafi da yamma a nan Zango, kuma irin 'yarka su ne suka fi yawa. Hadda ba ta da laifi. Damuwar ita ce da yaro ya hango x² sai hannu ya riga ido, ya hau neman a da b da c bai tsaya ya ga abin da ke gabansa ba.

Abin da zan so ta riƙe kafin komai shi ne: idan ka ninka lambobi biyu ka samu sifiri, to dole ɗaya daga cikinsu sifiri ce. Tun ajin brebe ake koyar da wannan, amma da an shiga lise sai yara su watsar. Shi ya sa ake kwashe komai a kai gefe guda, a bar sifiri a ɗaya gefen. Ka rubuta mata x² − 5x + 6 = 0, ka ce ta nemo lambobi biyu da in an ninka su za a samu 6, in an tara su a samu 5. Za ta ce 2 da 3. Ke nan (x − 2)(x − 3) = 0, x ko 2 ne ko 3. An gama, ba a taɓa delta ba.

Akwai wasu guda biyu da nake gwada kowane sabon ɗalibi da su. Na farko x² = 49. Kusan kowa zai ce 7 ya ajiye biro, ya manta cewa −7 sau −7 shi ma 49 ne. Na biyu x² = 6x. Nan sai yaro ya raba gefe biyu da x, ya ce amsa 6. Ya jefar da amsa ɗaya bai sani ba, domin sifiri ma ta cika sharaɗin. Daidai shi ne x(x − 6) = 0, amsa 0 ko 6. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don yaron ya iya lissafi, gaggawa ce kawai ta cinye masa rabin maki.

To, in lambobin sun ƙi fitowa da ido, nan ne delta take da amfani, kuma nan ne alamar ragi take kayar da yara. Ɗauki 2x² − 7x + 3 = 0. Ta rubuta a gefen kaye, layi-layi: a = 2, b = −7, c = 3. Da alamarsa, ba 7 tsirara ba. Sannan b² ya shiga cikin baka, (−7)², wato 49. Ka lura da kyau, in ta danna −7² a kalkileta ba baka, −49 zai ba ta, daga nan kuma komai ya rushe. Delta ta zama 49 − 24 = 25, rasin ɗinta, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 25, shi ne 5. Shi kuma −b ya koma 7. Ana tara −b da rasin, ana kuma cire rasin daga −b, a raba kowanne da 2a, wato 4: sai (7 + 5) a raba da 4 a samu 3, (7 − 5) a raba da 4 a samu rabi. Duka na saman ake rabawa da 2a, ba rasin ɗin kaɗai ba. In delta ta fito sifiri amsa ɗaya ce. In ta yi ƙasa da sifiri babu amsa a cikin lambobin da ta sani yanzu, kuma rubuta hakan shi ne amsar, kada ta tsorata ta goge.

Ni dai a ganina yaro bai mallaki wannan darasi ba sai ya ga inda ƙa'idar ta fito. Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya warware x² + 10x = 39 da zane, kuma kai ma za ka iya yi mata shi da tsinke a ƙasar tsakar gida. Zana murabba'i, kowane gefe x. Raba 10 biyu, ka manna masa dogon fili mai faɗin 5 a dama, wani mai faɗin 5 a ƙasa. Abin da ka zana duka 39 ne. Za ta ga kusurwa ɗaya ta rage wayam, 5 sau 5, wato 25. Cike ta: 39 da 25 sun zama 64, babban murabba'i mai gefe 8. Tunda gefen x ne da 5, x ya zama 3. Delta ɗin da take haddacewa wannan cikon kusurwar ne aka yi da haruffa sau ɗaya don ya yi wa kowane lissafi aiki. Da alamomin yau akwai amsa ta biyu, −13, wadda zane ba ya nunawa.

Daga nan ka kawo mata maganar fili, tunda a jarrabawa haka tambaya take zuwa. Fili mai murabba'in mita 300, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 5. Faɗi x, tsawo x + 5, sai x² + 5x − 300 = 0. Delta 1225, rasin 35, amsa 15 ko −20. Ba a taɓa auna fili da mita −20 ba, saboda haka faɗi 15, tsawo 20. Ta rubuta dalilin da ya sa ta yar da ɗayar, mai gyaran takarda yana neman wannan layin.

Kai kuma, Malam, ko ka manta lissafin lakkol gaba ɗaya, akwai aikin da za ka iya. Duk amsar da ta samu, ka ce ta mayar da ita gurbin x a gabanka, da baki. In ta ce 3 a lissafin 2x² − 7x + 3 = 0 na sama: 2 sau 9 sha takwas, a cire 21, a ƙara 3, sifiri. In bai sauka kan sifiri ba, ta koma layin da ta rubuta a da b da c, galibi can ɓarnar take. Lissafi uku ko huɗu bayan magariba sun isa, amma ka gauraya mata su, kada su zo iri ɗaya a jere, don ta saba tsayawa ta zaɓi hanya da kanta. Allah Ya ba ta sa'a.